Kafin mu ce a sayo wa masu nutsonmu kaya, mu tambayi wa zai gwada su



Duk wanda ya tashi a Gwarzo ko Kabo ya san irin shirun da ke sauka a bakin dam ranar da ruwa ya ci mutum. Mata can gefe sun rufe fuska da mayafi, dattawa sun jeru a tsaye, yara an kora su amma sun ƙi tafiya. Idon kowa yana kan mutum biyu ko uku, masuntan da za su shiga su lalubo gawa. Ba su da albashi a kan wannan aiki, ba su da wata takarda. Abin da suke da shi gajeren wando ne, da igiya, da gora, da numfashin da ke ƙirjinsu.

Yankinmu yanki ne na ruwa, ko da yake ba kasafai muke kallon kanmu haka ba. Ga dam ɗin Guzuguzu, ga Magaga, ga Pada. Idan muka matsa Ƙaraye ga Kusalla da Challawa, idan muka nufi Bagwai ga Watari. Waɗannan madatsun ruwa su ke ba mu ruwan sha da noman rani da kifi, kuma su ke karɓar rayukan 'ya'yanmu da ƙannenmu. Ba mu manta da ranar 30 ga Nuwamba, 2021 ba, ranar da kwalekwale ya kife a dam ɗin Watari bayan ya taso daga Badau, aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya masu tafiya Maulidi. Allah Ya jiƙansu.

Bayan kowane irin wannan rashi magana ɗaya muke yi: a kawo kayan aiki. A sayo rigunan ceto, a sayo kayan nutso na zamani. Maganar gaskiya ce, amma rabinta muke faɗa. Ra'ayinmu a wannan mako shi ne, kayan ceton da ba a gwada ba, ba a koya wa mai sawa ba, kuma ba a san mai kula da su ba, sun fi rashin kayan haɗari. Ga abin da ya sa muka ce haka.

A wani hunturu da bai daɗe da wucewa ba, muna cikin waɗanda suka tsaya a bakin wani dam tsakanin Gwarzo da Kabo. Wani saurayi ne ya je wanke babur da yamma, santsi ya kwashe shi, har dare ba a gan shi ba. Da safe masunta suka zo. Ɗaya daga cikinsu ya zo da wani abu a buhu: rigar nutso baƙa, doguwa daga wuya har ƙafa, takalminta a manne da ita. Wani bawan Allah ne ya sayo ta gwanjo ya ba su kyauta watanni kafin nan, da kyakkyawar niyya. Tun da aka kawo ta tana rataye a ɗakin kwano, ba wanda ya taɓa shiga ruwa da ita. Da aka zaro ta sai ran jama'a ya ɗan yi sanyi, har wani dattijo ya ce yau aiki zai zo da sauƙi.

Da ya shiga, sai rigar ta ƙi nutsewa, domin iskar da ke cikinta ta riƙe shi a sama kamar balan-balan. Ya fito, ya ja robar wuyan da yatsa don iska ta fita, robar ta ɗan tsage, ba wanda ya ɗauki abin da muhimmanci. Ya koma ya nutse. Ba a jima ba igiya ta fara girgiza. Da aka jawo shi, ruwa ya cika rigar tun daga ƙafa har ƙugu, ya kasa hawa gaɓa da kansa, sai da ƙarti biyu suka ciccibo shi. Haƙoransa na haɗuwa, leɓɓansa sun canza launi. Aka tuɓe masa rigar da ƙyar, aka hura wutar kara aka zaunar da shi. Kusan awa guda aikin neman gawa ya tsaya, hankali ya koma kan mai rai. Sai bayan azahar babbansu, da gajeren wandonsa da igiyarsa, ya samo yaron.

Ba mu ga laifin wanda ya ba da kyautar ba, ba mu kuma ga laifin masuncin ba. Babu wanda ya san yadda abin yake aiki, shi ke nan. Saboda haka bari mu ɗan yi bayani, domin wanda zai nemi abu ya kamata ya san abin da yake nema.

Rigar nutso iri biyu ce. Akwai wadda ke barin ruwa kaɗan ya shiga tsakaninta da fata, jiki ya ɗumama ruwan, kaurin robar ya riƙe ɗumin. Ita ko ta ɗan tsage ba wani tashin hankali ba ne. Akwai kuma wadda aka yi don kada ɗigon ruwa ya taɓa jiki, mai sawa yana iya saka kayan sanyi a ciki ya fito a bushe. Irin wannan ce aka kawo wa masuntanmu. Amfaninta biyu ne. Na farko sanyi: ruwa yana zuƙe ɗumin jiki fiye da iska kusan sau ashirin da biyar, shi ya sa wanda ya daɗe a ruwan hunturu hannunsa ke mutuwa, tunaninsa ya rikice. Na biyu ƙazanta: masu aikin ceto a ƙasashen da suka ci gaba suna saka irinta idan za su shiga ruwan da ya gurɓata, don kada ya taɓa fatarsu. Mu da muka san kududdufan cikin gari da tsargiyar da ake kwasa a dam, mun san wannan ba ƙaramin amfani ba ne.

To amma duk wannan amfani ya rataya ne a kan abu ɗaya, wato kada ta yi yoyo. Wuraren da take yoyo kuwa sanannu ne. Akwai robar wuya da ta wuyan hannu, waɗanda ke kama fata don toshe hanyar ruwa. Roba ce siririya, rana da zafi da mai da tsufa suna cinye ta, ta yi danƙo ko ta tsattsage, ko da ana kula da ita shekaru ƙalilan take yi a canza ta. Akwai zif ɗin, wanda ba irin na jaka ba ne, na musamman ne mai toshe ruwa, idan aka lanƙwasa shi da ƙarfi ko yashi ya shiga haƙoransa ya tashi daga aiki, kuma yana cikin mafi tsadar abin da ake canzawa a rigar. Akwai ɗinkin, wanda ake bi da gam ko tef ta ciki, idan aikin masana'anta bai yi kyau ba ko gam ɗin ya tsufa sai ya ɗaye. Sannan akwai bawul guda biyu, ɗaya a ƙirji na shigar da iska, ɗaya a kafaɗa na fitar da ita, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta hana su rufewa.

Yanzu mu ɗauki wannan riga mu rataye ta a ɗakin kwano a Gwarzo, ta sha zafin Maris da Afrilu, ta sha ƙurar hunturu, ga jarkar fetur a gefe. Ko sabuwa fil aka kawo ta, ba za ta daɗe ba. Balle wadda wani ya gama yayinta a ƙasar sanyi, ya ga ta fara jiƙa shi, ya sayar.

Akwai kuma abin da ya fi yoyo muni. Ita wannan riga ba a yi ta don mai nutso da numfashin ƙirjinsa ba. Duk mita goma da mutum ya yi ƙasa, nauyin ruwa a kansa yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar da ke kanmu a tudu, wato a mita goma matsin ya ninka. Iskar da ke cikin rigar sai ta tsuke ta koma rabi, rigar ta matse jiki. Mai tukunyar iska a bayansa yana danna bawul ɗin ƙirji ya ƙara iska, idan zai hau kuma ya sake ta ta kafaɗa, in ba haka ba ta kumbura ta cillo shi sama. Idan iskar ta gudu ƙafafu, sai ta juya mutum kai ƙasa ƙafa sama. Shi ya sa a inda ake amfani da ita ake yi mata darasi na daban, ko ga wanda ya riga ya iya nutso. Mu kuwa mun miƙa wa masunci ita a buhu, ba tukunya, ba darasi, muka ce Allah Ya taimaka.

Wani zai ce, ina ruwanmu da rigar da mutum ɗaya cikin dubu zai taɓa gani? Ruwanmu shi ne, ciwon da ke jikin wannan riga shi ne ke jikin rigar ceto da ake rabawa a bakin ruwa, wadda kowa ke iya sawa. Rigar ceto ma tana da daraja hawa-hawa. A ma'aunin duniya ana rubuta mata lamba 50, ko 100, ko 150, ko 275, gwargwadon ƙarfin ɗagawarta. Mai lamba 50 taimako ce kawai ga wanda ya iya iyo kuma yana kusa da gaɓa. Mai 150 ita aka tsara don ta juyo da fuskar wanda ya suma sama. A ido kuwa duk launin lemo ne da igiyoyi. Mu nawa ne muka taɓa juya rigar muka duba lambar? Mu nawa muka taɓa matsa ta muka ji abin da aka cusa a ciki?

Wannan ba zargi ba ne na banza, ya faru a duniya. A watan Janairun 2016 'yan sandan Turkiyya sun kai samame wani wurin ɗinki a birnin Izmir, suka kama rigunan ceto na jabu sama da dubu ɗaya, waɗanda ake sayar wa 'yan gudun hijira masu tsallaka teku zuwa Girka. An cusa musu abin da ke shan ruwa maimakon abin da ke ɗagawa. Tun kafin nan, a ranar 15 ga Yunin 1904, wani jirgin ruwa mai suna General Slocum ya kama da wuta a kogin birnin New York na Amurka, ɗauke da mata da yara masu tafiya yawon shaƙatawa na cocinsu. Sama da mutum dubu suka mutu. Jirgin yana da rigunan ceto rataye reras, masu duba jirage sun sa hannu cewa lafiya lau suke, amma sun shekara da shekaru a wurin har abin da ke cikinsu ya ruɓe ya zama gari. Iyaye suka ɗaura wa 'ya'yansu suka jefa su ruwa, suna kallo suka nutse. An ɗaure kyaftin ɗin jirgin daga baya, amma ɗaurin bai dawo da kowa ba.

Abin lura a nan shi ne, da babu rigunan, da wata uwar ta riƙe ɗanta ta nemi wata dabara. Rigar ce ta ba ta ƙwarin gwiwar sakin sa. Haka masuncinmu: da gajeren wandonsa ya san iyakarsa, ya san minti nawa zai yi ya fito ya sha wuta. Rigar ce ta sa ya yarda zai iya abin da ya fi haka. Kayan ceto alƙawari ne, mai sawa yana ajiye tsoronsa saboda su. Idan alƙawarin ƙarya ne, an raba shi da tsoron da ke kare shi, ba a ba shi komai a madadinsa ba.

Mun san amsar da za a ba mu, domin mun sha jin ta: da babu gara ba daɗi. Talaka ne, gwamnati ba ta kawo ba, wani ya taimaka da abin da ya samu, sai kuma mu tsaya muna tsirfa? Karin maganar tana da gaskiya a kan tuwo da sutura da abin hawa. Takalmin gwanjo idan ya yage, ƙafa ce za ta sha ƙaya. Amma akwai kayan da ba su da tsaka-tsaki: birkin mota, maganin sarar maciji, igiyar mai yasar rijiya. Ko dai suna aiki ko kuma suna kashewa. Kayan shiga ruwa a wannan layi suke.

Za a kuma ce gwaji sai masana, mu ina muka ga na'ura? Nan ma ba mu yarda ba. Yadda masu nutso ke gano yoyon wannan riga, kowane mai faci a tashar Gwarzo ya san shi. Ana toshe wuya da hannuwa, a rufe zif, a hura mata iska, a shafa ruwan sabulu, duk inda kumfa ta taso nan ne ramin. Abin da mai faci ke yi wa tayar babur kenan kullum. Robar wuya ana barbaɗa mata hoda marar ƙamshi, zif ana goga masa kaki, a wanke rigar da ruwa mai tsabta, a shanya a inuwa, a ajiye nesa da rana da fetur. Rigar ceto kuwa, a sa wa mutum ita ya shiga ruwa iya ƙirji, da igiya da mutane a kusa, ya ɗage ƙafafunsa a ga ko za ta riƙe haɓarsa a sama. A jiƙa guda ɗaya ta kwana a ruwa, da safe a ɗaga a ji ko ta sha ruwa ta yi nauyi. Wannan bai buƙatar digiri.

Hasali ma iyayenmu masunta sun riga mu sanin wannan ƙa'ida. Gorar da masunci ke kifa cikinsa a kai, ai ita ma iska ce aka kulle a cikin ɓawo, kuma ransa a kanta yake. Ba ya karɓar gora daga hannun kowa ya faɗa tsakiyar dam da ita. Sai ya ƙwanƙwasa ta ya ji sautinta, ya duba tsaga, ya gwada ta a bakin gaɓa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin mamaki shi ne, da kaya suka zo da rubutun Turanci a jiki, sai muka ajiye wannan hankali, muka ɗauka duk abin da ya fito daga waje ya wuce a tuhume shi.

Kada a fahimce mu da cewa muna ƙin kayan zamani. A watan Mayun 2013 wani jirgin ja mai suna Jascon-4 ya kife a tekun da ke gaɓar Neja Delta, ya nutse kimanin mita 30. Masu nutson da aka tura ɗebo gawarwaki suka tarar da mai dafa abincin jirgin, Harrison Okene, da ransa bayan kusan awa 60 a wani lungu da iska ta maƙale. Sun fito da shi lafiya. Amma wanda ya kalli bidiyon zai ga mai nutson ba shi kaɗai ba ne: akwai bututun iska, akwai fitila da kyamara, akwai shugaban aiki a sama yana yi masa magana a kunne yana gaya masa abin da zai yi. Kaya masu kyau, a hannun waɗanda aka horar, da mai lura a bayansu. Riga ɗaya a buhu ba ta kama ƙafar wannan ba.

To me muke so a yi? A ganinmu, a fara da abin da ya fi sauƙi kuma ya fi ceton rai. Mafi yawan watannin shekara ruwanmu ba shi da sanyin da zai sa a buƙaci rigar da ba ta shan ruwa. Abin da bakin kowane dam ke buƙata shi ne igiya doguwa mai ƙarfi, da abin jefa wa wanda ke nutsewa, da rigunan ceto na gaske daidai da adadin masu shiga kwalekwale har da na yara, da mutanen da aka koya wa yadda ake farfaɗo da wanda aka tsamo. Kayan nutso masu tukunya a bar su a hannun ma'aikatan da aka horar, irin na hukumar kashe gobara, a kuma kusanto da su yankinmu, tare da kuɗin gyara da canza roba duk shekara. Masuntan da suka daɗe suna wannan aiki kyauta a sa su cikin horon, a kuma biya su.

Duk wanda zai raba kaya, gwamnati ce ko ɗan siyasa ko mai hali, mu yi masa godiya, sannan mu yi masa tambaya huɗu cikin ladabi. Wa ya gwada su a ruwa? Wa aka koya wa amfani da su? A ina za a ajiye su, a hannun wa? Idan sun lalace wa zai gyara? A yi gwajin a gaban Sarkin Ruwa da mai gari ranar da aka kawo kayan, kafin a ɗauki hoto. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya da hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa suna da hurumi a wannan fage, kuma ba laifi ba ne mu rubuta musu mu tambaya. Dokar da ta ce kada a shiga jirgi sai da rigar ceto ba ta da amfani idan rigar soso ce aka naɗe da leda.

A nan ne namu aikin ya shigo, mu masu riƙe da alƙalami. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum dubu ɗari uku ne ruwa ke ci duk shekara, kuma tun 2021 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 25 ga Yuli don tunatarwa a kan haka. Amma a labaranmu, ruwa yakan ci mutum ne a layi ɗaya: "ya faɗa kogi, aka nemi gawarsa aka rasa." Wa ya nema? Da me ya shiga? Me ya gani a ƙasan, ko kuwa ba ya ganin komai sai lalube cikin laka? Wa ya ba shi ko kuɗin shayi da ya fito? Matarsa me take ji duk ranar da aka zo kiran sa? Mun cika littattafai da attajirai da motocinsu, mun bar mutumin da ke shiga inda kowa ke gudu.

Shawararmu ga duk mai neman abin rubutawa a cikinmu: ya ware yini ɗaya ya je bakin dam mafi kusa da shi. Ya gaida Sarkin Ruwa, ya zauna da masunta, ya tambaye su sunan kowane abu da suke amfani da shi da yadda suke gane ya lalace. Idan akwai rigunan ceto a wurin, ya roƙa a ba shi ɗaya ya juya ta, ya karanta lambar, ya matsa ya ji. Abin da ya gani ya rubuto shi yadda yake, ba ƙari ba ragi, ko labari ne ko waƙa ko sharhi.

Ita dai waccan baƙar riga, mun ji tana nan rataye a inda take, har yau ba wanda ya sake taɓa ta. Damina kuma tana tafe, dam zai cika, za a sake zuwa kiran mutanen nan.

Allah Ya tsare mu da zuri'armu, Ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci, Ya saka wa masu shiga nemansu da alheri. Muna jiran gyaranku da ƙarin bayaninku, musamman 'yan uwanmu da suka fito daga gidajen su.